Me Ya Hana Jama'a Rungumar Kafofin Sada Zumunta Marasa Mamallaki Guda? Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da wata babbar kafar sada zumunta ta ɓata wa masu amfani da ita rai, ko ta sauya dokoki ba tare da shawara ba, ko ta rufe shafukan mutane, ko wata gwamnati ta toshe ta, sai a fara jin sunayen Mastodon da Bluesky da Nostr a bakin masu neman mafita. Jama'a su yi tururuwa su yi rajista, bayan 'yan makonni kuma mafi yawansu su koma inda suka fito. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan fitowa daga waɗanda suka gwada waɗannan kafofi, da waɗanda suke tunanin gwadawa.

Mece ce kafar sada zumunta mara mamallaki guda, kuma ina bambancinta da Facebook ko X?

Facebook da Instagram da TikTok da X (wadda a da ake kira Twitter), kowacensu kamfani ɗaya ne ke riƙe da ita. Kwamfutocin da ake ajiye rubuce-rubuce da hotunan jama'a nasa ne, dokokin zama nasa ne, kuma ranar da ya ga damar rufe asusun mutum, babu wata ƙofar da mutumin zai bi ya isa ga mabiyansa. A ɗaya tsarin kuwa, ana samun sabobi masu yawa, wato kwamfutocin da ke ɗauke da asusun mutane dare da rana, kowace a hannun wani mutum ko ƙungiya ko jami'a ko hukuma, amma dukansu sun yarda da ƙa'idar sadarwa iri ɗaya, ta yadda wanda ya yi rajista a wannan sabar zai iya bin wanda ke waccan, ya karanta rubutunsa, ya ba shi amsa.

Imel shi ne tsohon misalin wannan tsari da kowa ya sani, domin mai adireshin Gmail yana aika wa mai Yahoo wasiƙa ba tare da ya buɗe asusu a can ba. Shi ya sa adireshin mutum a Mastodon yake da gaɓa biyu kamar na imel: sunansa, sannan sunan sabar da yake zaune a kanta.

Waɗanne ne fitattu a cikinsu, kuma tun yaushe ake wannan ƙoƙari?

Ƙoƙarin ya daɗe fiye da yadda ake zato. A 2008 Evan Prodromou ya buɗe Identi.ca, sannan a 2010 wasu ɗalibai huɗu na Jami'ar New York suka nemi gudummawar dala 10,000 don gina Diaspora a matsayin kishiyar Facebook, suka samu fiye da dala 200,000, amma kafar ba ta taɓa fita daga hannun 'yan tsiraru ba. A 2016 Eugen Rochko ya ƙirƙiro Mastodon a Jamus, a 2018 kuma hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da ActivityPub, ƙa'idar da Mastodon ke aiki da ita tare da PeerTube na bidiyo, da Pixelfed na hotuna, da Lemmy na zaurukan muhawara. Wannan rukuni gaba ɗaya shi ake kira Fediverse.

Bluesky ta samo asali ne a cikin Twitter a 2019 zamanin shugabancin Jack Dorsey, ta zama kamfani mai zaman kansa a 2021, ta buɗe ƙofa ga kowa a Fabrairun 2024, kuma tana da tata ƙa'idar mai suna AT Protocol. Nostr ya bayyana a 2020, ya fi karɓuwa a wajen ma'abota Bitcoin. Abin lura shi ne waɗannan ƙa'idoji uku ba sa magana da juna kai tsaye, sai ta wata gada kamar Bridgy Fed wadda sai mutum ya nemi a haɗa shi. Ke nan tun kafin a je ko'ina, 'yan kaɗan ɗin da suka bar manyan kafofi sun kasu gida uku.

Da gaske ne sun kasa jawo jama'a, ko dai magana ce kawai?

Alƙaluma sun tabbatar da hakan. Lokacin da Elon Musk ya kammala sayen Twitter kan dala biliyan 44 a ƙarshen Oktoban 2022, masu shiga Mastodon a wata sun tashi daga kimanin 300,000 zuwa kimanin miliyan 2.5 cikin 'yan makonni, daga nan adadin ya riƙa sauka har ya dawo ƙasa da miliyan 1. Bluesky ta fi samun rabo, inda masu rajista suka kai miliyan 20 a Nuwamban 2024, suka wuce miliyan 30 a farkon 2025, sai dai yawan masu rajista daban, yawan masu leƙawa kullum daban. Idan aka ajiye waɗannan kusa da Facebook, wadda masu shigarta a wata sun haura biliyan 3, ko Threads ta kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, wadda ta tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar da buɗe ta a Yulin 2023, tazarar ba ta buƙatar bayani.

Mene ne babban dalilin da ya sa mutane ba sa zama?

Babban dalilin shi ne mutum yana shiga kafar sada zumunta ne don ya tarar da mutane: ƙanwarsa da ke aure a wani gari, abokan karatunsa, malamin da yake sauraro, ɗan jaridar da yake bi, mai sayar da yadin da yake saya a wajensa. Darajar kafa tana ƙaruwa ne da yawan waɗanda mutum ya sani a cikinta, kuma duk kyawun tsarinta, in ya shiga bai ga idon sani ba, zai fita. Abin ya yi kama da sabuwar kasuwar da hukuma kan gina a bayan gari, mai faffadan titi da rumfuna masu kyau, amma 'yan kasuwa su ƙi tashi daga tsohuwar mai cunkoso domin can masu saye suke zuwa, su kuma masu sayen can suke zuwa domin can 'yan kasuwa suke. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara tashi.

Abin da ya faru a Najeriya ya nuna ƙarfin wannan dalili. A farkon Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, kuma ba a janye dakatarwar ba sai 13 ga Janairun 2022. Fiye da wata bakwai ke nan, lokacin da ya isa a ce wata kafa ta maye gurbin. Gwamnati da wasu jami'anta suka buɗe shafuka a Koo, wata kafa ta ƙasar Indiya, amma da yawa daga masu amfani da Twitter sai suka sauke manhajar VPN suka ci gaba da shiga ta bayan fage, duk da jinkirin da take sa wa waya da cin batir. Mastodon tana nan a lokacin, kyauta, babu wanda ya toshe ta, amma ba a ga wata ƙaura zuwa can ba. Ita Koo ɗin ma ta rufe a Yulin 2024.

Wannan matsala tana kan kowace sabuwar kafa, mai mamallaki guda ko mara shi. Abin da ya ƙara wa waɗannan nauyi shi ne sauran wahalhalun da aka yi bayani a amsoshin da ke biye, domin wanda bai tarar da nasa ba, ba shi da dalilin jure ko da ƙaramar wahala.

To ai an ga miliyoyi sun yi ƙaura a 2022 da 2024. Me ya mayar da su?

Ƙaurar fushi ce, kuma fushi yana hucewa. Mafi yawan waɗanda suka buɗe asusu a Mastodon ba su rufe na Twitter ba, sun riƙe biyun suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa, da suka ga muhawarar siyasa da labaran ƙwallo da sanarwar hukumomi suna nan a tsohon wuri, sai sabon ya zama kufai. Haka aka gani a Brazil lokacin da Kotun Ƙoli ta sa aka toshe X daga ƙarshen Agustan 2024: miliyoyi sun shiga Bluesky, da aka buɗe X a Oktoba kuma da yawa suka koma. Waɗanda suka zauna su ne waɗanda suka tashi a ƙungiyance, kamar masana tsaron kwamfuta da masu rubuta manhaja a Mastodon, ko malaman jami'a da marubuta a Bluesky, domin sun tafi ne da abokan hirarsu.

Me ya sa ake cewa rajistar kanta tana korar mutane? Ba zaɓen saba ne kawai ba?

Zaɓen ne matsalar, domin ana ɗora wa baƙo shawarar da ba shi da ilimin yankewa tun kafin ya ga komai. An nuna masa jerin sabobi, wannan ta masu zane ce, waccan ta 'yan wata ƙasa ce, wata kuma sai an duba takardar neman shigarsa, alhali bai san wane ne mai sabar ba, bai san ko za ta kai baɗi ba, bai kuma san cewa zaɓin nasa zai shafi waɗanda zai iya gani da waɗanda ba zai gani ba, kamar yadda amsar da ta shafi sa ido ta bayyana. Masu kare tsarin sukan ce zaɓin ba shi da wani nauyi tunda ana iya sauyawa daga baya, amma wannan rabin gaskiya ne, saboda sauya saba a Mastodon yana ɗauko mabiyan mutum ne kawai, tsofaffin rubuce-rubucensa suna can a baya.

Masu Mastodon sun gane haka, shi ya sa tun Mayun 2023 manhajarsu take miƙa sabon shiga kai tsaye zuwa mastodon.social sai in ya nemi wata. Rajista ta yi sauƙi, amma sabar guda ta ƙara girma a kan saura, wanda shi ne abin da aka ce ana gudu. A Nostr kuma babu zaɓen saba irin wannan, sai dai ana ba mutum wani dogon mabuɗin sirri wanda in ya ɓace asusun ya tafi ke nan har abada, babu ofishin da zai kai kuka, babu maɓallin da zai danna ya ce ya manta kalmar sirri. Ga wanda wayarsa kan faɗa ruwa ko a sace ta, wannan babban haɗari ne.

Na yi rajista amma shafina fayau yake. Haka abin yake?

A Mastodon haka yake da gangan. TikTok da Facebook suna da na'urar lissafi mai lura da abin da mutum ya tsaya ya kalla, ta riƙa turo masa irinsa, har wanda bai bi kowa ba zai iya shafe awa yana kallo. Mastodon ta ƙi wannan hanya bisa hujjar cewa ita ke haifar da jaraba da rura wutar gaba, don haka tana nuna wa mutum rubutun waɗanda yake bi ne kawai, bi da bi yadda aka wallafa su. Hujjar tana da ƙarfi, kuma waɗanda suka zauna sukan yaba natsuwar wurin, amma sakamakonta shi ne aikin nemo abin karantawa ya koma kan baƙo a daidai lokacin da bai san kowa ba.

Akwai kuma gibin da tsarin kansa ke haifarwa. Saba ba ta san duk abin da ke faruwa a Fediverse ba, tana ganin abin da ya iso gare ta ne ta hanyar waɗanda mutanenta ke bi, shi ya sa an daɗe ana kukan cewa mai ƙaramar saba yakan buɗe rubutu ya ga amsoshi kaɗan alhali a ainihin wurin sun fi haka yawa. Binciken kalma a cikin rubuce-rubucen jama'a bai samu ba sai a Satumban 2023, shi ma sai ga waɗanda suka yarda a gan su, damar ɗauko rubutun wani a yi sharhi a kansa kuwa sai a 2025 ta zo, bayan shekaru ana ƙin ta don gudun cin zarafi. 'Yan jarida da masu bin labari da ɗumi-ɗuminsa, waɗanda su ne suka raya Twitter, da waɗannan abubuwa biyu suke aiki.

Wa ke sa ido kan zagi, ƙarya da abubuwan ɓatsa, tunda babu kamfani?

Kowace saba tana da dokokinta da masu kula da ita, akasarinsu 'yan sa-kai da ke yin aikin bayan sun taso daga neman abincinsu. A ƙaramar saba wannan yakan fi na manyan kamfanoni inganci, domin mai kulawar ya san mutanensa, kuma ƙorafi yana isa ga ɗan Adam mai karantawa. Makamin da ya fi kowane ƙarfi a hannunsu shi ne yanke hulɗa da saba sukutum. An ga amfaninsa a 2019 lokacin da Gab, kafar masu tsattsauran ra'ayin wariyar launin fata a Amurka, ta ɗauki manhajar Mastodon ta shigo, sabobi da dama suka toshe ta har ta zama saniyar ware.

Sai dai makamin nan yana sare mai laifi da mara laifi. In masu kula da sabobi biyu suka saɓa, ko ɗaya ta ga ɗayar tana sakaci, dubban mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba za su wayi gari sun rasa mabiyansu na can. Rigimar da ta tashi kan ko a yi hulɗa da Threads ko a toshe ta ta raba Fediverse biyu a kan wannan layi. Ga kuma ayyukan da suka fi ƙarfin ɗan sa-kai: a 2023 masu bincike na Jami'ar Stanford sun ba da rahoton samun hotunan cin zarafin yara a wasu sabobin, domin kayan aikin gano irin waɗannan da manyan kamfanoni ke da su ba su kai ga ƙananan sabobi ba, a Fabrairun 2024 kuma wani ambaliyar saƙonnin banza ya shigo ta ƙananan sabobin da aka bari a buɗe babu mai tsaro.

A ganina wannan ce matsalar da ta fi kowace wuyar magani. Karanta ƙorafi da kallon munanan hotuna aiki ne mai cin rai wanda manyan kamfanoni ke biyan dubban ma'aikata su yi, kuma ba daidai ba ne a yi tsammanin wasu za su ci gaba da yin sa kyauta idan jama'a suka ninka sau ɗari.

Wa ke biyan kuɗin sabobin, kuma me zai faru in tawa ta rufe?

Mai sabar ne ke biya daga aljihunsa ko daga gudummawar mambobi, kuma kuɗin yana hawa da yawan hotuna da bidiyo. A kafar da ke rayuwa da talla, kowane sabon shiga riba ne, a nan kuwa kowane sabon shiga ƙarin nauyi ne a kan mai masauki. Ita Mastodon a matsayin ƙungiya ba ta neman riba, da gudummawa da tallafi take tafiya, kuma Rochko ya bayyana a ƙarshen 2022 cewa ya ƙi tayin masu zuba jari. Wannan ya kare 'yancinta, ya kuma bar ta da ma'aikata 'yan ƙalilan suna gogayya da kamfanoni masu dubban injiniyoyi.

Sabobi suna rufewa, har da manya. Mastodon.technology ta rufe a ƙarshen 2022 saboda mai ita ya kasa ci gaba da ɗaukar nauyin, Mozilla ma da take babbar ƙungiya ta rufe tata a Disamban 2024. Sabobin da aka jera a shafin Mastodon sun yi alkawarin ba da sanarwar wata uku kafin rufewa, wanda ya isa mutum ya kwashe mabiyansa, amma in saba ta mutu dare ɗaya babu yadda za a yi, domin ƙaurar tana buƙatar tsohuwar sabar tana raye.

Ashe ba sun fi kare sirrin mutum ba? Wannan bai isa ya jawo jama'a ba?

Sun fi ta fuska ɗaya: yawancin sabobin Fediverse ba sa bin diddigin mutum don sayar da talla. Amma saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake daga waya zuwa waya kamar na WhatsApp ko Signal ba, don haka mai sabar mutum da mai sabar wanda aka aika wa suna iya karantawa in sun so. A 2023 jami'an FBI sun kwashe kwamfutar wani mai kula da sabar Kolektiva a Amurka, a cikinta kuwa akwai kwafin bayanan mambobi a buɗe. Ke nan amanar da aka ɗauke daga kamfani an miƙa ta ne ga wani mutum, wanda zai iya zama nagari amma mara ƙwarewa. Ko da ma sirrin ya cika, tarihi ya nuna shi kaɗai ba ya tayar da jama'a, domin a Janairun 2021 miliyoyi sun sauke Signal da Telegram saboda sabuwar dokar sirri ta WhatsApp, duk da haka WhatsApp ta ci gaba da girma.

Me ya sa fitattun mutane da 'yan kasuwa ba sa zuwa?

Domin abincinsu yana inda suke. YouTube tana raba kuɗin talla da masu bidiyo tun 2007, X ta fara nata rabon a 2023, Facebook ta buɗe wa masu wallafa a Najeriya hanyar samun kuɗi a 2024. Mai sayar da atamfa ko turare a Instagram yana iya biyan kuɗi kaɗan a kai tallarsa gaban mutanen garinsu. A Mastodon babu talla, babu rabon kuɗi, kuma al'adar wurin tana ƙyamar tallata kai. Nostr yana da hanyar aika wa marubuci kyautar Bitcoin, amma sai wanda ya riga ya shiga wannan harka. Tunda jama'a suna bin mawaƙa da 'yan fim da malamai da masu barkwanci ne, rashin waɗannan yana komawa ga babban dalilin da aka bayyana a sama.

Me ya sa Bluesky ta fi Mastodon karɓuwa, kuma ita da Threads marasa mamallaki guda ne da gaske?

Bluesky ta karɓu ne domin ta ɓoye wa baƙo duk wahalar da aka lissafa. Rajista ɗaya ce kamar ta Twitter, bincike yana aiki, akwai jerin rubuce-rubuce da ake zaɓo wa mutum, akwai kuma kunshin sunaye da wani zai haɗa don sabon shiga ya bi mutum da yawa da dannawa ɗaya. Ta iya yin haka ne saboda kusan kowa yana kan sabobin kamfanin, da manhajar kamfanin yake shiga, kuma kamfanin yana da masu zuba jari, inda ya karɓi dala miliyan 15 a Oktoban 2024. Christine Lemmer-Webber, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ActivityPub, ta yi doguwar suka a 2024 cewa ikon yana tattare a wuri guda. Masu Bluesky suna amsawa da cewa abin da suka gina shi ne ƙofar fita: mutum zai iya ɗauke asusunsa da rubuce-rubucensa zuwa wata saba, kuma wasu kamar Blacksky, al'ummar baƙaƙen fata masu amfani da Bluesky, sun fara gina nasu ɓangaren. Duk da haka, a 2025 kamfanin ya taƙaita ganin wasu asusu a Turkiyya bisa buƙatar hukumomin ƙasar, abin da ke nuna akwai wuyan da gwamnati za ta iya kamawa.

Threads kuwa mallakar Meta ce ɗari bisa ɗari. Ta tara jama'a ne domin mai Instagram yana shiga da asusunsa ya tarar da mabiyansa, kuma haɗin da ta fara da Fediverse a 2024 sai mutum ya kunna shi da kansa. Idan aka jera ukun, za a ga cewa gwargwadon yadda iko ya taru a hannu ɗaya, gwargwadon yawan jama'ar da aka samu.

Imel ya yi nasara da wannan tsari. Me ya hana waɗannan?

Imel ya kafu ne tun farkon shekarun 1980, lokacin da babu wani kamfani da ya riga ya tare jama'a, su kuwa waɗannan sun zo sun tarar an gama rabon fili. Kuma shi kansa imel ɗin ya taru a hannun Google da Microsoft da wasu kaɗan, musamman saboda yaƙi da saƙonnin banza ya sa manya ba sa yarda da wasiƙar da ta fito daga ƙaramar saba. Akwai kuma darasin XMPP, buɗaɗɗiyar ƙa'idar hira wadda Google Talk ya yi aiki da ita, sannan Google ya juya mata baya a 2013 ya bar ƙananan sabobi su kaɗai, kuma wannan tarihi ne ya sa da yawa a Fediverse ba su yarda da shigowar Meta ba. Moxie Marlinspike, wanda ya kafa Signal, ya kawo wata hujjar tun 2016: ƙa'idar da sai ɗaruruwan masu saba da masu manhaja sun yarda kafin a sauya ta tana tafiyar hawainiya, kamfani guda kuwa yana iya fitar da sabon abu ga kowa a rana ɗaya.

Akwai wani cikas na musamman ga masu magana da Hausa?

Akwai, kuma na farko kuɗin data ne. Kamfanonin waya a Najeriya suna sayar da ƙananan kunshin data masu araha na WhatsApp da Facebook da makamantansu, kafar da ba ta cikin kunshin kuwa sai da data ta gama-gari. Na biyu, hulɗar Hausawa a waya ta fi karkata ga saƙon murya da bidiyo, daga karatun malamai zuwa barkwanci da cinikayya, alhali Mastodon da Bluesky an gina su ne kan gajeren rubutu, kuma bidiyo shi ne abin da ya fi tsada ga mai ƙaramar saba. Na uku shi ne sa ido: mai kula da saba a Jamus ko Faransa ba zai gane zagi ko tunzura rikicin addini da aka rubuta da Hausa ba.

Wannan cikas na uku shi ne kuma wurin da tsarin zai fi amfanar mu, domin saba da jami'a ko gidan rediyo ko ƙungiyar marubuta za ta kafa, masu kula da ita Hausawa ne da suka san habaici da zambo, za ta fi kowane kamfani na nesa iya raba gardama. Amma sai an samu mai ɗaukar nauyin da aka bayyana a amsar kuɗi, shekara da shekaru, da kuɗin waje.

Doka ko hukumomi za su iya sauya lamarin?

Za su iya, in suka tilasta wa manya buɗe ƙofa. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta wajabta wa WhatsApp da Messenger tun Maris 2024 su ba wasu manhajojin hira damar haɗuwa da su, sai dai wajibcin bai shafi shafukan sada zumunta irin Facebook da Instagram ba. A Najeriya an ga irin wannan a harkar waya, lokacin da hukumar NCC ta ba da damar sauya kamfani da lambar mutum a Afrilun 2013. Ba kowa ya yi amfani da damar ba, amma samuwarta ta rage wa kamfani ikon riƙe mutum dole. Ranar da mutum zai iya barin Instagram ya ci gaba da hulɗa da mabiyansa na can, babban dalilin da aka fara da shi ya raunana. Hanya ta biyu ita ce hukumomi su kafa sabobinsu, kamar yadda Hukumar Tarayyar Turai da gwamnatocin Jamus da Holan suka yi, don kada sanarwar gwamnati ta dogara da yardar wani attajiri.

To ya dace in buɗe asusu? Ta ina zan fara?

Ya dace, musamman ga ɗan jarida, malami, marubuci ko ƙungiyar da asarar shafinta za ta zama asarar shekarun aiki, amma ba sai an rufe tsohon asusu ba. Wanda ke son sauƙi ya fara da Bluesky, in yana da adireshin shafin intanet nasa ya mayar da shi sunansa a can, domin hakan yana tabbatar da cewa shi ne. Wanda ya zaɓi Mastodon ya duba abu uku kafin rajista: shekarun da sabar ta yi tana aiki, ko masu kula da ita sun fi mutum ɗaya, da kuma ko ta bayyana inda take samun kuɗi. Ya fi kyau a shiga tare da abokan aiki ko 'yan ƙungiya a mako ɗaya, a bi mutane da yawa da alamomin maudu'i (hashtag) tun ranar farko don shafin ya cika, a guji aika abin sirri ta saƙon cikin gida, sannan a riƙa sauke kwafin jerin waɗanda ake bi daga sashen saituna lokaci-lokaci a ajiye a waya ko kwamfuta.